Igiyar Awo a Gonar Goggo

Daga gida, ranar kasuwa

Zuwaga taubashiyata 'yar birni,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya aiki, ya hayaniyar birni. Inafata kina lafiya kamar yadda muke anan. Goggo, wato Innarki, lafiyarta ƙalau sai guiwar nan tata ta hagu da take tashi in ta daɗe a tsugune. Jiya na sameta tana tsince irin wake a tire, nace Goggo kawo in tayaki, tace hannun da ya saba da bulo farfasa mata iri zaiyi. Matata da yara suna gaisheki. Akuyarki ta haifi biyu, ɗaya sak ke, baya kula kowa.

Kada kiyi mamakin ganin takarda daga wajena. Har yanzu waya bata kamawa a garinnan sai mutum ya hau tudun bayan makaranta ya ɗaga hannu sama kamar mai rantsuwa, ni kuma girmana ya wuce haka yanzu. Direban motar kasuwa ne zai riƙa kawo miki. Rubutun nawa ne dakaina, in kinga wani harafi ya kwanta ki tasheshi.

To ga labari. Za'a gina mana ɗakin magani. Wata mata tazo daga ofishin tsara ƙasa da ƙatuwar takarda kamar tabarma, Mai Tasuwira muke ce mata. Tace kafin a ɗora bulo ko ɗaya sai gari ya zauna ya tsara kansa, ina gidaje zasu ƙaru, ina gonaki zasu tsaya, ina ruwa ina kasuwa, don kada jikoki su taso su tarar gari ya cinye abincinsa. Aka kafa kwomiti. Hedimasta ne shugaba, amma kinsan shugaba suna ne kawai. Igiyar awo a hannuna take, ni magini, kuma wanda ya riƙe igiya shi ya riƙe gari.

Kinsan halinmu, 'yan gabas da 'yan yamma ko inuwar bishiya ce sai anyi rigima akan wa tafi rufewa. Kowa yace a unguwarsu za'a gina. Da Hedimasta yaga za'a fara ɗaga kujeru sai ya yanke, a auna daga gidan ƙarshe na gabas zuwa gidan ƙarshe na yamma, inda tsakiya ta faɗa nan ne wajen, ko akan wa ta faɗa. Kowa ya yarda. Naja igiya daga ƙofar Goggo, tunda gidanta ne na ƙarshe a wajenmu, har ƙarshen yamma, na ninka biyu. Taubashiya, tsakiya ta faɗa a ƙofar shagon Dogon Tela, can cikin yamma, saboda su sun miƙe a bakin hanya kamar maciji mu kuma muna dunƙule. Tela ya fito da almakashi a hannu baki har kunne, wai in zo in ƙara aunawa ko igiyar tawa ta sha ruwa.

Na naɗe igiyata na tafi. Wannan awon gwaji ne, na gaskiya sai Mai Tasuwira ta dawo kafin ruwa ya sauka. Ina tafiya gida kan nan nawa da Allah ya cika da basira ya kawo min abu. In gidan ƙarshe ya matsa, ai tsakiya ma dole ta matsa. Ba wanda yace gidan ƙarshe bazai matsa ba.

Bayan gidan Goggo kuwa ba komai sai gonarta da babanki ya bari. Shine nake neman ki bani ɗan lungu a ciki in kafa ɗaki ɗaya, ƙarami kamar akurki, bulo da laka ba siminti, tsohon kwano a sama. Ana gama awo in kwashe abina. Ki tuna guiwar Goggo. In ɗakin magani yazo gabas da sandarta zata taka, in ya tafi yamma sai an ɗauketa.

Ki bawa direba amsa. Kada kiyi tsumulmular magana kamar yadda kika saba.

Naki, taubashinki Mai Igiya

*

Zuwa ga Yaya Magini,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, na kuma tashi haruffan da suka kwanta, sun yi yawa. Ina lafiya. Aiki yana nan yadda yake: keken ɗinki layi-layi a ƙarƙashin fitila, muna haɗa hannun riga daga safe zuwa yamma, ba ma ganin wanda zai sa. Na ji daɗin labarin akuya. A gai da matarka da yara. A ce wa Inna ta rage tsuguno, ta zauna a kan kujera in za ta tsince iri.

Maganar ɗakin magani abin farin ciki ne, Allah ya sa a gama lafiya.

Maganar gona kuwa, sunana ne kawai a kanta. Inna ce take nomawa, daga ita take ci shekara ta zagayo, abin da nake aikawa na sabulu ne da man fitila. Idan abu na amfanin Inna ne ni ba ni da ta cewa. Amma ba ni ce zan ba ka ba. Ka je ka zauna ka yi mata bayani yadda za ta gane, ba a tsaye ba, ba kuma cikin raha ba, sannan ka rubuto min abin da ta ce da bakinta. Kafin nan kada a taɓa komai.

Wani abu kuma. Abin da ka hango, me zai hana Tela ya hango?

Taubashiyarka

*

Daga gida

Taubashiya mai hannun kyauta,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya, Goggo lafiya, guiwa da sauƙi. Ƙaramin ɗana ya fara tafiya, da ganin takunsa kinsan jinin manya ne.

Nagode nagode. Da nakai wajen da kikace in abu na amfanin Inna ne bakida ta cewa, sai na ninke takardar nasa a aljihu nace shikenan, 'yar halak ta bada. Sauran na karanta daga baya. Goggo kuwa naje mata kamar yadda kikace, har na zauna. Nayi mata bayani tas. Ta dubeni ta dubi gonar tace, ku dai kuna da aiki. Kinji fa, bata hana ba.

Washegari kafin rana tayi zafi ɗaki ya tashi. Aka taru ana kallo, Wanzam yace wannan kai naka ba na garinnan bane. Muka ja igiya, tsakiya ta baro shagon Tela ta matso wajen injin niƙa. Ranar a gabas ba wanda ya barni na taka ƙasa sosai.

Tambayarki akan Tela, to ya hango, amma a bayana ya hango. Suka kafa biyu a gonar albasar ƙaninsa. Ɗaki fa na zana da buhu, iska tana kaɗawa yana rawa, abin kunya. Tsakiya ta koma. Nace haka ne? Na ƙara ɗaya gaba da na farko. Suka ƙara. Na ƙara biyu. Yanzu namu huɗu ne a jere cikin gonar, na ƙarshe yana can gindin tsamiyar iyaka. Kada ki damu, ƙanana ne, in kika tsaya daga nesa kika runtse ido ɗaya kamar ma babu su.

Sai Tela ya kawo ƙara gaban kwomiti wai ɗakin da ba kowa ciki ba gida bane. Shi da nasa na buhu! Hedimasta ya cire tabarau ya goge ya mayar, yace daga yau gida shine inda mutum yake kwana kuma ake ganin hayaƙin girki. Yana zaton ya kashe maganar. Bai sanni ba. Na ɗauki tabarmata na tare a na gindin tsamiya. Wanzam ya shiga ɗaya da kayan askinsa, Mai Faci ya shiga ɗaya, ɗayan muka sa ƙanin Mahauci tunda dama gwauro ne ba mai nemansa. Matata tace ita ba a daji aka aurota ba, ko cokali bazata kawo ba. To ni kullum da safe sai in hura wuta in ɗora ruwa a gwangwani in zuba ɗanyen ganye, hayaƙi ya turnuƙe har 'yan yamma suna tari. Hedimasta ya leƙo yace me ake dafawa, nace ruwa ne ranka ya daɗe, ai baka faɗi kalar girkin ba.

A awon jiya mune a gaba. Tsakiya tana daidai bakin rijiyar gabas, daga ƙofar Goggo ana hangowa. In an gina sai na sa an rubuta sunana a jikin bango, naki a ƙasa da ƙananan baƙi.

Naki, wanda gari yake ji dashi

*

Yaya Magini,

Sallama. Ina fata kuna lafiya, da Inna da iyalinka. Ni lafiya, sai ciwon wuya na sunkuyo.

Ban ba ka gona ba. Ka ciro takardar daga aljihu ka karanta ta har ƙasa. Na ce a tambayi Inna, na ce kada a taɓa komai. Kuma ka fi ni sanin cewa in Inna ta ce "kuna da aiki" ba yabo take yi ba; haka take ce wa kaji in sun shiga mata shanya.

Ɗaki ɗaya ka roƙa, yanzu huɗu ne, da mutane a ciki. Mutum huɗu suna shiga suna fita, masu aski suna zuwa, masu faci suna turo babura. Duk inda aka taka ya zama hanya, hanya kuwa ba ta fitar da wake. Na zauna a bakin gado na gwada da zaren ɗinki: in ka ja wannan bakin, na ja wancan, tsakiyar tana nan inda take, zaren ne kawai yake ƙara tsawo. Ku da Tela gonaki kuke ci, ba tsakiya kuke matsarwa ba.

Ba na son doguwar magana. Ka kwashe ɗakunan kafin ruwan farko, ka bar wa Inna wurin shukarta. Inda ɗakin magani ya faɗa, ya faɗa.

Taubashiyarka

*

Daga gindin tsamiya

Taubashiya,

Sallama. Shiru shiru ba amsa. Ance motar kasuwa ta lalace a hanya an kwance mata ciki, wannan ma wani mai babur zan bawa. Amma nasan shirunki, in abu yayi miki daɗi bakya magana, tun kina yarinya haka kike in an baki rake. Muna lafiya. Sauro ne dai anan kamar an aikosu, amma sun gane jinina yafi ƙarfinsu. Goggo lafiya.

Har yanzu mune a gaba. 'Yan yamma suma sun tare a nasu suna hayaƙi, sun kai bakin kwari ba sauran inda zasu matsa, sai dai su gina akan ruwa. Tela ya rame, jiya na ganshi ya ɗinke wa wani aljihu ta ciki.

Mai Tasuwira ta leƙo shekaranjiya ta duba yadda muke ciki kafin ranar awo. Ta tsaya ta kalli ɗakunanmu ta kalli na yamma, batayi dariya ba batayi faɗa ba, irin matan nan ne da baka gane cikinsu. Ta shimfiɗa takardarta akan tebirin makaranta ta fito da alƙalami biyu, ja da kore. Tace ita ba ruwanta da dalilin da yasa akayi gini. Ranar awo duk abinda yake tsakanin gidan ƙarshe da gidan ƙarshe ja zata shafa masa, wato wajen zama. Abinda yake waje kore ne, wato gona, kuma kore ba mai ƙara ɗora bulo akai ko jikan wa. Ja kuwa za'a ratsa titi a ciki a yanka fuloti a rabawa samari masu tasowa, mai gona a bar masa guda ɗaya.

Kinga abin ya zama biyu kenan. Ga ɗakin magani ga sabuwar unguwa, kuma kowa yasan wa ya kafata. Wanzam har ya fara kiranta da sunana. Samari sai gaisheni suke suna rusunawa, kowa yana nuna inda yakeso.

Abu ɗaya ne dai. Yau da safe ina hura hayaƙina sai ga Goggo da sanda da fartanya da gwangwanin irinta. Hadari ya fara haɗuwa kwanakinnan. Ta bi tsakanin ɗakunan a hankali tana caka sanda a ƙasa, wajen yayi tauri kamar daɓe saboda kai da kawowa. Ta iso wajena ta miƙo gwangwanin tace, ɗan nan, a ina zan zuba wannan? Nace Goggo akan kwano mana, kinga tsuntsu ma bazai wahala ba. Batayi dariya ba. Kinsan Goggo ko a gidan rasuwa in nayi magana sai ta rufe baki da mayafi. Ta juya ta tafi, ta bar min gwangwanin a bakin ƙofa. Gashi nan ina kallonsa ina rubutu.

Ba wani abu bane, tsufa ne. In taga ɗakin magani a ƙofarta zata huce. Fuloti ɗaya ma ai ya isa ɗan lambu. Ko kuma ki ɗauketa ta huta a birni, ai tayi noman ya isa.

Awo ranar kasuwa ta sama ne. Ki turo addu'a, ko da yake ba sai da ita ba.

Naki, Mai Unguwa Sabuwa

*

Yaya,

Sallama. Takardarka ta gindin tsamiya ta iso, na gane tawa ta baya ba ta same ka ba. Ina lafiya.

Na nemi hutu in zo, shugabar layinmu ta ce akwai kayan da za a fitar, wadda ta tafi ta tafi ke nan. Don haka ba zan zo ba.

Ka ce in ɗauke ta. Bari in gaya maka inda zan kawo ta. Ɗakina ɗaya ne, a hawa na uku, a saman shagon masu walda. Gado, risho, bokiti biyu, taga ɗaya da take kallon bangon maƙwabta. Banɗaki yana ƙasa, na kowa da kowa. Ina fita da sassafe in kulle, in dawo bayan magariba. Matar da gwiwarta ba ta son tsuguno, ka lissafa mata matakalar nan. Na taɓa yi mata tayin zuwa, ta ce in bari sai ta kasa ɗaga fartanya. Ba ta kasa ba.

In aka shafa wa gonar ja, ba ta da abin ci a garin, ni kuma abin da nake samu ba zai ciyar da gida biyu ba. Dole ta taho nan. Sai ku gina ɗakin maganin a ƙofar gidan da ba kowa a ciki.

Ba roƙonka nake yi ba, ba kuma faɗa ba. Kai ne a can, igiya a hannunka take. Babanka da Inna kakansu ɗaya, kuma duk garin ba ta da wanda take kira "ɗan nan" sai kai. Na fara matsar da gado jikin bango, in ga ko katifa ta biyu za ta shiga.

Taubashiyarka

*

Daga gida, gidana na gaske

Taubashiya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Goggo lafiya, yara lafiya. Matata tana gaisheki, tace in gaya miki ta samu mijinta ya dawo da warin hayaƙi.

An gyara mota. Direba ya kawo min takardunki biyu a haɗe ana gobe awo. Wannan karon na karanta har ƙasa, duka biyun, har na juya baya ko akwai saura. Kin iya zagi ba tare da kin zagi mutum ba, wannan a wajen Goggo kika gado.

To bari kiji aikin maza. Duk garinnan ba wanda ya taɓa gina unguwa, ni na gina. Kuma ba wanda ya taɓa rushe unguwa shi kaɗai kafin azahar, ni na rushe. Na fara da nawa na gindin tsamiya, na sauke kwano na jera bulo a kan iyaka. Ƙanin Mahauci yana barci na ɗauke rufin, ya buɗe ido yaga sama. Mai Faci ya tattara kayansa ya tura. Wanzam ne yace ba inda zashi, yana tsakiyar yiwa wani aski. Nace to riƙe askarka dakyau. Na zare bango ta baya, suka ƙarasa askin a fili, rabin kai.

Kafin in gama gabas kaf ta taru. Wanda yace an saye ni, wanda yace Tela yayi min ɗinki kyauta, wanda yace dama kan nawa ba daidai yake ba. Samarin da suke rusuna min jiya harda mai jifa da ɓawon rake. Duk na basu amsa ɗaya bayan ɗaya, kinsan bakina, har wasu suna dariya basu so ba. Sai matar Mahauci ta matso, cikinta ya tsufa, ta riƙe ƙugu tace, Magini, ranar da abin nan ya tashi kai zaka ɗaukeni zuwa yamma? Nace ni zan ɗaukeki. Tace Allah ya kiyaye, ta tafi. Gaskiyarta ne, kuma har yanzu maganar tana nan inda ta ajiye min ita.

Ranar awo Hedimasta yace tunda hannuna ya shiga rigima a bawa wani igiya. Aka bawa Mai Faci. Igiyata fa, wadda na saka da hannuna. Ya riƙeta kamar mai jan akuya, sau biyu tana harɗe masa ƙafa, na kau da kai. Aka ja daga ƙofar Goggo. Su 'yan yamma basu cire nasu ba, don haka tsakiya ta wuce shagon Tela ma, ta faɗa can gaba wajen tsohon gareji. Tela yazo har inda nake yace, Mai Igiya, ina igiyar? Nace tana hutu, kai dai je ka gaida albasar ƙaninka.

Don kuwa Mai Tasuwira ta cire murfin jan alƙalami ta shafe gonakin yamma har bakin kwari, harda ta albasar. Sannan ta ɗauki kore ta bi bayan gidan Goggo tun daga katanga har tsamiya. Na tsaya a kanta sai da naga ta cike ko'ina, har nace ga wani ɗan fari nan kin bari. Ta dubeni ta cike. Yanzu a yamma ƙanin Tela baya magana da Tela, suna ta kai ƙara wajen Hedimasta, shi kuma yace abinda aka shafa an shafa.

Ni kuwa an cireni daga kwomiti. A gabas in nayi sallama sai a amsa da hanci. Wanzam yace in nemi mai yi min aski, kinga kafin kizo zan zama kamar tunkiya. Ban damu ba, manyan mutane dama sai bayan sun mutu ake gane su.

Ruwa ya sauka kwana biyu bayan awo, mai kyau. Inda ɗakuna suka zauna da hanyoyin da aka taka fartanya bata shiga, sai diga. Ni nake sara tun safe. Goggo tana zaune akan bulo ɗaya cikin nawa ta miƙe ƙafar, tana nuna min da sanda, nan baka taɓa ba, can ka karkace. Ban ji kalmar godiya ba ko ɗaya, kuma ban sa rai ba. Wajen ɗakin Wanzam mun haƙura dashi bana, gashin aski da ƙasa sun haɗe. Sauran ta shuka da hannunta, ina binta ina rufewa.

Da zamu tashi na gaya mata zan rubuto miki, nace ko akwai saƙo. Ta kakkaɓe zani ta ɗauki sandarta. Tace in gaya miki ki mayar da gadonki inda yake, ba zuwa zatayi ba.

Naki, taubashinki Magini